Giɓin Masara

A kan tudun Oaxaca, bayan girbi,
kakata Eufrosina ta zazzage buhu a tsakar gida,
ta ɓare goyon masara guda, shuɗi kamar an tsoma a baba,
ta miƙo mini. "Casilda, karanta."

Na ce, "Kaka, ai ba rubutu."
Ta yi dariya. Bakinta da masarar sak:
nan haƙori, nan giɓi.

"Gemun nan da kike tsigewa kina yarwa,
kowane sili da ɗansa.
Sai ƙurar fure ta sauko daga kan kara
ta dace da sili, kana ƙwaya ta zauna.
Wanda bai dace ba
ya bushe a tsaye, ya bar miki rami."

Ta kafa farce a tsinin goyon, inda totuwa ta fito tsirara.
"Nan kwana sha ɗaya ne na Agusta
da sama ta haɗe rai, ta ƙi zubarwa.
Fure ya buɗe a kan lokaci, gemu ya makara.
Baƙo ya yi sallama har ya gaji,
kafin mai gida ya farka
iska ta raka shi gonar da ba tamu ba.

Wannan layin da ya karkace, kawunki Teódulo ne.
Shida-shida ya zuba a rami, wai ya fi ni lissafi.
Suka tashi suna ƙwacen rana,
kowa dogo, kowa ramamme,
rabinsu ko goyo ba su ɗauka ba.

Baƙin nan, tsutsa ce.
Ta ci rabonta. Ban yi mata Allah ya isa ba.

Amma dubi gindi, yadda suka matse ba masaka tsinke.
Wake ne ya biya kuɗin haya:
ya hau kara kyauta, ya bar wa ƙasa maiƙo.
Kabewa kuma ta shimfiɗa ganye
ta rufa wa danshi asiri."

Sai yatsanta ya tsaya
a kan wasu 'yan ƙanana, motsattsu, kamar haƙoran jinjiri.
"Noman fari ya makara mako uku.
Ciyawa ta riga mu cin takin."
Ba ta ƙara ba.
Ni na san sunan makonnin nan: Nicanor,
yayana, da ya tsallaka arewa tsinkar inabin wasu.
Kuɗinsa na zuwa duk wata, su suka sayi takin ma.
Fartanyarsa na nan rataye bayan ƙofa.
Kuɗi bai iya riƙe ƙota ba.

Da yamma muka zauna ware iri.
Na zaɓo mata wani dam, jere sha shida, ba giɓi ko ɗaya,
daga kwarin da ke bakin idon ruwa.
Ta auna shi a tafi, ta jefa kwandon niƙa.
"Ɗan gata ne. Bai san ƙishi ba.
Gobe mu ci shi da barkono."

Mai giɓin ta ɗauka.
"Wannan a kan fako ya tsaya, gefen dutse,
rana ta dafa shi, ciyawa ta shaƙe shi, tsutsa ta yi kwana,
duk da haka ya kawo abin da ya kawo."
Ta ɓantare tsini, ta ɓantare gindi,
ta murje tsakiyar cikin tulun toka,
ta liƙe baki da laka.

Na tambaya, "In baɗi ma sama ta ƙi?"
Tana wanke hannu ta ce,
"To ai ya taɓa gani."